Shafa ko fesa: rigimar fentin Golf a zauren 'yan unguwa

Mai Golf: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda ya ji haushi ya sha ruwa. Masu fentin mota a garin nan na Zariya cutan talaka suke yi. Na kai Golf 3 ɗina wajen wani a Sabon Gari, ko zagaya motan bai yi ba ya ce dubu 380. Na gangara Tudun Wada, can ma aka ce 300 ba ragi. Motan da nake kai yara makaranta, in ɗauko buhun masara daga Giwa, ba ɗaurin auren ɗan gwamna zan je da shi ba. Na shiga kasuwa na sayi fentin mai galan ɗaya, da tina, da samfefa, da salatif, da ƙaramin rola na soso, duka dubu 58. Kwana 4 ni da ƙanena a ƙofan gida muka shafa mishi fenti hannu uku. Ga hoto nan. Duk wanda ya ce bai yi kyau ba hassada ne.

Direban Kwangila: Masha Allah. Amma me ya sa hoton bayan magariba ka ɗauka? Ka fito mana da ita rana tsaka mu gani.

Oga Fenta: Dakata tukuna. Shafa? Shekara 22 ina wannan sana'ar, ban taɓa shafa wa mota fenti ba. Basilin ake shafawa a kaushi, farar ƙasa ake shafa wa bango. Mota fesa mata ake yi. Tun daga wannan kalmar na san abin da ka aikata, ba sai na buɗe hoton ba.

Malamin Samaru: Oga, a nan ka zarce. Bahaushe cewa yake an shafa fenti, ko a ƙofa ko a mota. Kuma motocin farko ma da buroshi ake musu, a jira makonni kafin su bushe. Sai a shekarun 1920 ne kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fenti mai saurin bushewa, Duco, wanda ake fesawa. Ka ga shafawa ta girmi fesawa.

Oga Fenta: Allah ya gafarta malam, jaki ma ya girmi mota. Kawo Corolla ɗinka gobe a shafa mata, ni zan sayi buroshin.

Malamin Samaru: Ni maganar harshe nake, ban ce a taɓa min mota ba.

Bakanon Kofar Doka: Ku bar batun shafa. Ni abin da ya dame ni "motan" da "mishi". Yaushe mota ta zama namiji? Zage-zagi, an haɗa ku da Allah ku bar Hausa ta huta.

Mai Golf: Kai da ka zo cin arziki garinmu za ka koya mana magana? Jami'an da ake koyar da Hausan a ina yake?

Bakanon Kofar Doka: Ga shi nan kuma, "jami'an yake". Na rufe bakina.

Oga Fenta: Bari in gaya muku bambancin, don kada a ɗauka gardamar baki nake. Fentin da kuke gani yana sheƙi shi ne aiki mafi ƙanƙanta. Kafin a kai gare shi sai an wanke mota an cire duk wani maiƙo, a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fari, inda ta lotsa a buga a cike da fila. Fila ta bushe a goge da samfefa mai kaushi, lamba 80, a koma 180, a koma 320. Sannan fentin ƙasa, firaima, shi ma a bi shi da 600 ko 800 da ruwa har tafin hannunka ya daina jin komai. Sai launi, sai kiliya a sama, ita ce mai sheƙin, ita ce kuma ke tare rana. Kwana 4 ɗin da ya ce, ni ko guga ban gama ba. Wannan shi kake kira cuta?

Mai Golf: Ai na goge. Samfefa 6 na ƙarar.

Oga Fenta: Lamba nawa?

Mai Golf: Wanda mai shago ya ba ni.

Direban Kwangila: Innalillahi.

Maman 'Yan Biyu: Maƙwabci, ka yi haƙuri, tunda an zo nan sai na faɗa. Ranar da kuka yi hannu na biyu iskar hunturu ta taso da la'asar, da idona na ga ganyen dogon yaro ya manne a saman motar, ƙanenka na cirewa da tsinken tsintsiya. Akuyata kuma ta goga jikinta a ƙofar baya, har yau gefenta ɗaya kore ne. Warin kuwa kwana uku yarana na tari.

Mai Golf: Maman 'Yan Biyu, da kin ɗaure akuyanki da ba ta ɓata min ƙofa ba. Ni ya kamata in kawo ƙara.

Maman 'Yan Biyu: A layin da aka haife ta zan ɗaure ta don kai ka buɗe gareji?

Malamin Samaru: To kun ga, ita ma akuyar shafa fentin ta yi, ba fesawa ba. Kalmar tana nan daram.

Ɗan Gyallesu: Ni ina bayan Mai Golf. Talaka ya yi dabara an taru a kansa. Da wani Alhaji ne ya yi, da kun ce basira ce. Kuma in fesawa ce matsalar, ai ba gagara ta yi ba. Ka sayi bindigar feshi, ka ja mota wajen mai faci ka jona da injin iskarsa, shi ke nan.

Direban Kwangila: Kada ka jefa wani a rami, ni na gwada wannan a bonet ɗin Sharan ɗina. Iskar injin mai faci da ruwa take fitowa, wani lokaci har da mai. Fentin ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi, wani wurin ya yi gudaji kamar ɓawon lemo, inda na matso da hannu kuma ya zubo kamar hawaye. Ashe akwai abin tace ruwa da ake sa wa tiyo, kuma tazarar hannu kusan taƙi guda ce, ba a matsowa ba a ja da baya. Sai da na biya aka kankare.

Ɗan Gyallesu: Wannan rashin iyawarka ne.

Direban Kwangila: Na yarda. Kai da ka iya, wace mota gare ka?

Ɗan Gyallesu: Arziki na Allah ne.

Nas ɗin Shika: Don Allah a bar wasa a ji wannan. Duk mai niyyar fesa fentin mota irin wanda ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa fenti ya taurare, kada ya yi a tsakar gida. Hadinar nan tana da sinadarin da ke kama huhu, yana jawo asma, kuma ƙyalle ko takunkumin da muka sa lokacin korona ba ya tare shi. Tina kuma wuta take jira, a gidan da ake hura gawayi ko risho. Gara ma rolar da ya yi amfani da ita, ba ta tayar da feshi a iska. Oga, ku ma yaranku na gani suna aiki da tsumma a hanci.

Oga Fenta: Muna ba su madara bayan aiki.

Nas ɗin Shika: Madara ciki take zuwa, ba huhu ba.

Mai Golf: Kun ji ko? Likita ta ce nawa ya fi.

Nas ɗin Shika: Ban ce ya fi ba, kuma ni ba likita ba ce.

Baba Tsohon Soja: Yaro, na ji an ce kore. Wane irin kore? Akwai doka a ƙasar nan da ta hana farar hula hawa mota mai koren soja. Kai kuma a Zariya kake, ga Dafo ga barikin Basawa. Na biyu, me aka rubuta a takardun motar?

Mai Golf: Baba, ruwan toka aka rubuta. Amma koren ba na soja ba ne, irin na tuta ne.

Maman 'Yan Biyu: A jikin akuyata dai ya fi kama da miyar kuka.

Baba Tsohon Soja: To ka je a gyara takarda kafin a tare ka a hanya. Mota kore, takarda toka, bakinka ba zai fitar da kai ba. Mu da muka hau 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna a da, fentinta sai ya shekara goma bai ce komai ba.

Bakanon Kofar Doka: Baba, waccan fesa mata aka yi ko shafawa?

Malamin Samaru: A masana'anta har tsoma gangar jikin ake yi a kwatami don maganin tsatsa. Sai Oga ya ce mana ko tsomawa ma haramun ce.

Oga Fenta: Malam, kai dai ka riƙe alli. Abin da ba ku sani ba, wannan fentin mai da ya shafa, fentin ƙofa da taga ne. Yau zai yi ƙyalli, rana ta dake shi damina ta bi ta kai, ya dushe ya koma kamar alli. Ranar da ya gaji ya kawo min, ba zan iya fesa nawa a kai ba, don tinar fentin mota tana tayar da shi, ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Dole a kankare shi tas har ƙasa. Lokacin kuɗin ba 380 ba ne.

Ɗan Gyallesu: Kun ji barazana. Wannan ita ce cutar da ake faɗa.

Hajiyar Kongo: Ni ban san shafa ba ban san fesa ba. Abin da na fahimta, Mai Golf ya tsira da sama da dubu 300. To zubin adashi na wata biyu fa? Ka ce min mota ce ta cinye kuɗin.

Mai Golf: Haba Hajiya, wannan maganan na cikin gida ne.

Hajiyar Kongo: Na kira ka sau biyar, ashe hannunka duk fenti ne shi ya sa ba ka ɗauka.

Mai Golf: Kuɗin da ban kashe ba ai ba kuɗin da nake da shi ba ne.

Malamin Samaru: Wannan jimlar ita ce gaskiya ta farko da aka faɗa yau.

Direban Kwangila: Har yanzu dai muna jiran hoton rana.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun azahar. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa mota fesa mata ake yi, Malam ma bai musa ba tunda ya hana tasa. Na biyu, ma'aikaciyar lafiya ta tabbatar fenti a gida haɗari ne. Na uku, ba a kawo hujja ko ɗaya cewa masu fenti na cuta ba, don haka Mai Golf ya janye kalmar ya ba Oga haƙuri. Mai son aiki mai kyau ya san inda zai je. Batun akuya da adashi a yi shi a waje.

Malamin Samaru: Ranka ya daɗe, yaushe aka yi ittifaƙin? Ni ina nan a kan shafa.

Nas ɗin Shika: Kuma na yi maganar yaran garejin Oga, ban ga ta shiga taƙaitawar ba.

Ɗan Gyallesu: Ta ina za ta shiga? Ku tambayi shugaba wa ke auren ƙanwarsa, kuma wa ya fesa masa Vectra kafin babbar sallah.

Shugaban Zaure: Na biya kuɗin kaya. An rufe wannan maganar.

Mai Golf: Ban janye ba. Amma kafin a rufe, wa ya san abin da ke cire fenti a gilashin gaba? Salatif ɗin ya ɗaga ta gefen direba.