Motata na shan mai kamar ruwa, na rasa inda matsalar take

Salamu alaikum jama'a. Corolla ce 2006. Da can lita 15 na kai ni Zariya daga Kawo in dawo har da saura, yanzu kafin in shigo Mararraban Jos a hanyar dawowa fitilar mai ta kama. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, idan kuma na tsaya a cunkoson Kasuwar Barci sai inji ya riƙa rawa kamar zai mutu.

Na canza filogi da filtar iska, an wanke nozul, an daidaita iskar tayoyi. Duk a banza. Bayan sati biyu na kwance filogi ɗaya, bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya.

Da aka sa kwamfuta ta nuna P0172, wato mai ya fi iska yawa. Bakanike ya ce sensar oksijin ce, wato na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙin salansa, ya sa mini ta gwanjo, amma wadda ke bayan katalis (na'urar tace hayaƙi da ke jikin salansa) ya canza, ba wadda ke gabansa ba, abin da ni dai bai kwanta mini ba. Kwana uku fitilar inji ta dawo.

Don Allah, yaya ake gwada sensar gaba a tabbatar ta mutu kafin in sake zubar da kuɗi?