In an cece ni daga zunubi, me ya sa nake ta komawa caca?

Ɗan_Nima:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina a rai. Ni mutumin Bawku ne a Ghana, a unguwar Nima cikin Accra nake zaune, gyaran waya nake yi a Circle. Shekara 3 ke nan da aka min baftisma, ranar har kuka na yi na ce ni da cacar ƙwallo har abada, kuma wata 8 ban taɓa ba, daga baya na fara komawa kaɗan-kaɗan. Satin da ya wuce yayata ta turo min sidi 600 ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, in kai kuɗin makarantar ɗanta, daren Asabar ina kwance waya a hannu na ce bari in sa 50 kawai, kafin gari ya waye ko sisi bai rage ba. Ta kira sau 7 na kasa ɗagawa. Masu wa'azi a motocin haya na trotro kullum ceton da suke faɗa shi ne biza da buɗin kasuwa da karya asirin dangi, ni ba wannan ne damuwata ba, Matiyu 1:21 cewa ya yi Yesu zai ceci mutanensa daga zunubansu. To ni an cece ni kuwa, ko ruwa kawai na shiga na fito?

Uwar_Biyu:
Ɗana, Allah sarki. Tunda a Circle kake aiki ka san daren 3 ga Yuni 2015, ruwan nan da gobarar gidan mai, wajen mutum 150 suka rasu. Ina hanyar dawowa daga Kaneshie ruwa ya tare ni, tun yana gwiwa har ya kai min ƙirji, ban iya iyo ba, wani yaro da ban taɓa gani ba yana saman kwantena ya kwanta ruf da ciki ya kamo wuyan rigata ya ja ni sama, ni ko hannu ban iya miƙa masa ba don tsoro. Kwana 3 ina wanka da sabulu warin kwata bai bar jikina ba, zazzaɓi ya kwantar da ni sati 2. Amma ko a lokacin da nake warin, a waje nake, ba cikin ruwa ba. Haka na gane Romawa 5:8, tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, bai jira mun yi wanka ba. Ka karanta sura 7 ma, Bulus da kansa yana kukan cewa nagarin abin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake yi, har yana tambaya wa zai cece shi, kuma bai rufe surar ba sai da ya yi godiya ga Allah ta wurin Yesu. Da can in ka ci kuɗin mutum kana rasa barci haka? Ka tambayi kanka wannan.

Makaniki_Suame:
Mama gaskiya kika faɗa amma bari in ƙara, don kar yaron nan ya samu matashin kai. Bayan sura 5 akwai sura 6, inda aka tambaya ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, amsar kuwa a'a ce. Ni giyar akpeteshie ce ta riƙe ni shekaru a Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, na yi ta addu'a amma ban daina bin layin da ake sayarwa ba, sai da na faɗa wa matata da wani dattijon ikkilisiya komai, na canza hanyar zuwa gareji. Ƙanina, duba Zakka a Luka 19, sai da ya tashi ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4 ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Ka kira yayarka yau, ka goge manhajar cacar daga wayar, kuɗin aikinka kuma ka riƙa ba mai adashi kullum da yamma kar ya kwana a MoMo.

Uwar_Biyu:
Ban ƙi taka ba ɗan'uwa, sai dai ka lura Yesu ne ya fara kiran Zakka ya sauko daga bishiya ya ce a gidansa zai sauka, kafin a yi maganar kuɗi. In aka sa maganar kuɗi gaba da kiran Yesu sai yaro ya ɗauka sidi 600 ne kuɗin cetonsa.

Ɗan_Nima:
Na gode Mama, na gode yaya. Na kira ta ɗazu bayan na rufe shago, na faɗa mata komai, ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sai ta ce Lahadi in same ta a unguwar Madina bayan sujada, ta kashe. Na goge abin. Sidi 140 ne a hannuna yanzu, in kai mata haka ko in bari sai sun cika?