Me ya raba bambancin halittu da hidimar muhalli?

Ɗalibar_Aji2:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a fannin kimiyyar muhalli, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. A gwajin makon jiya an ce mu bayyana bambancin halittu, sannan mu bayyana hidimomin da muhalli ke yi wa ɗan Adam. Na cika shafi guda, amma da takardata ta dawo sai na tarar malam ya ja layi da jan biro ya rubuta "kin cakuɗa su". Maki 4 cikin 10.

Hadda ba ita ce matsalata ba. Na san Yarjejeniyar Riyo ta 1992 ta kasa bambancin halittu mataki uku: na cikin jinsi ɗaya, na tsakanin jinsuna, da na tsakanin muhallai. Na kuma haddace kashi huɗun nan na hidimar muhalli a rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005: abin da muke ɗiba, abin da ke daidaita yanayi, abin da ya shafi ruhi da nishaɗi, da ayyukan da ke tallafe da sauran. Igiyar da ta ɗaure su ce ban gani ba. Idan ƙudan zuma na barbarar furanni, ina ruwanmu da sauran ƙwari? Idan itace nau'i ɗaya zai riƙe ƙasa, me ya sa ake cewa daji mai nau'i ɗari ya fi?

Tsohon_Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, amma tambayar da kika yi yanzu ta fi amsar da kika ba shi daraja.

Bambancin halittu yana gaya miki su wa ke wurin. Hidima kuwa aikin da suke yi ne wanda amfaninsa ya iso ga mutum. Ɗaya ma'aikata ne, ɗaya aiki. Da na koyar da wannan darasi, sai na lura ɗalibai ba sa kama shi sai an nuna musu inda aikin ya tsaya cak.

Ɗauki ungulun Indiya. Daga farkon shekarun 1990, jinsuna uku na ungulu a can suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. An daɗe ana neman dalili, sai a 2004 aka tabbatar cewa maganin diklofenak da ake yi wa shanu ne: ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya riga ya gama. Garken ungulu kan kwashe naman mushe cikin ɗan lokaci, su bar ƙashi fes. Da suka ɓace sai mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka marasa iyayengiji suka samu abinci suka yawaita, ga kuma ciwon haukan kare. Har mabiya addinin Farsi a Mumbai, waɗanda ke ajiye mamatansu a kan hasumiya don ungulu su cinye, abin ya shafi ibadarsu. Kin ga tsuntsu ɗaya, wanda ba wanda ke son kallonsa, yana riƙe da kashi biyu cikin huɗun da kika haddace. Ba wanda ya taɓa sa aikinsa a lissafi sai da ya daina.

Batun ƙudan zuma kuwa, akwai jinsunansu sama da 20,000 a duniya, mai ba da zumar nan da kika sani ɗaya ce daga ciki, kuma ba kowane fure take iyawa ba. Furen tumatir sai an girgiza shi da ƙarfi yake sakin garinsa, aikin wasu manyan ƙudaje masu gashi ne. Itacen koko da ake yin cakulan da shi, ƙananan ƙwari ne da ido da ƙyar ke gani suke yi masa barbara. Ɓaure yana da nasa ɗan ƙwaron da ke shiga cikinsa.

Mai_Lissafi:

Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara matakin farko, wato bambanci na cikin jinsi ɗaya, don shi aka fi mantawa. A ƙasar Ayilan ta Turai, talakawa sun dogara kusan kacokan ga irin dankalin Turawa ɗaya. Da cuta ta shigo a 1845, ba wani iri a gonakin da zai iya jure mata. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu. Siyasar masu mulki ma ta taka rawa sosai, kada a ɗora wa dankali laifin duka. Amma darasin kimiyyar a fili yake: jinsi ɗaya ne, kuma a cikinsa ma babu bambanci. Haka ta faru da ayabar Gros Michel a shekarun 1950, aka maye gurbinta da Cavendish, ita ma yanzu wani sabon nau'in cutar ayabar na binta.

Ɗan_Gandun_Daji:

'Yar'uwa, kada ki tafi da tunanin cewa yawan jinsi kullum yana nufin yawan amfani. Gonar itace nau'i ɗaya na iya ba da katako fiye da dajin asali, cikin 'yan shekaru. Ribar bambanci tana fitowa ne ran da fari ko ƙwaro ya zo: wani jinsin ya faɗi, wani ya ci gaba da aikin.

Kuma ni ina ɗari-ɗari da kalmar "hidima" ɗin ma. Gaskiya ne ta yi amfani, birnin Niyok na Amurka ya zaɓi kashe kuɗi wajen kare dazukan Katskil da ruwansa ke fitowa, maimakon gina matatar da ta fi haka tsada nesa ba kusa ba. To amma kwaɗon da ba a gano amfaninsa ba fa? A bar shi ya ƙare ke nan? Ungulu ma a 1985 ba wanda zai sa mata farashi.

Ɗalibar_Aji2:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake duba takardata, ashe a ƙarƙashin bambancin halittu na rubuta "tace ruwa da samar da iska mai kyau", wato na jera aiki a gurbin ma'aikata. Baba, saura abu ɗaya: tana da ke sassauta ƙasa, aikinta a kashin daidaitawa zan sa shi ko a na tallafi? Littattafaina biyu sun saɓa.

Tsohon_Malami:

A tsarin 2005, samuwar ƙasa da juyawar sinadarai suna cikin na tallafi. Wasu tsare-tsaren da suka biyo baya sun cire wannan kashin gaba ɗaya, don gudun ƙirga abu ɗaya sau biyu, shi ya sa littattafanki suka saɓa. Ki rubuta tsarin da kika bi a saman amsarki, sannan ki sa tanar a inda ya ce.