Neman kalma: me za mu kira "ranking" na jami'o'i da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana Hausa ku matso kusa, akwai kalmar da ta tsaya min a wuya tun shekaranjiya.

Ƙanwata ce Allah ya taimaka ta samu gurbin digiri na biyu a jami'ar Shanghai Jiao Tong da ke ƙasar Sin, to da daddare Baba ya kira ni ya ce kai da ka yi boko zo ka faɗa min wace irin makaranta ce wannan kafin in yarda yarinya ta tsallake teku, na zauna na fara yi masa bayani tiryan tiryan har na iso inda zan ce rankin ɗinta sama yake a duniya, sai ya ɗaga hannu ya ce mene ne kuma rankin? Na ce matsayi, ya ce wa ya ba ta matsayin? Na ce daraja, ya ce wa ya auna darajar, da wane mudu? Wallahi tambayar dattijon nan ita ta hana ni barci, don gaskiya ya fi mu gaskiya, kalmar da muke ta jefawa a Facebook kullum ba mu taɓa zama mun yi mata Hausa ba.

Abin da ya ƙara sa ni naci shi ne ita wannan jami'ar da ake magana, a cikinta aka haifi rankin ɗin da duniya ke ta rububi a kai, don haka bari in ɗan ba da labarinta ko za mu gane abin da muke son raɗa wa suna.

An kafa ta a 1896 a birnin Shanghai, lokacin ana sarautar gidan Qing, wani babban jami'i kuma ɗan kasuwa mai suna Sheng Xuanhuai ya assasa ta da sunan makarantar Nanyang. A 1921 ta koma Jiao Tong, kalmar kuma ma'anarta sufuri da sadarwa, saboda a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da jirgin ƙasa da tangaraho take, injiniyoyi ake so ta yaye. A nan Qian Xuesen ya gama a 1934, mutumin da ya je Amurka ya dawo gida a 1955 ya zama uban harkar roka a Sin, tsohon shugaban ƙasar Sin Jiang Zemin ma a nan ya gama a 1947. A 1956 gwamnati ta fara kwashe babban ɓangarenta zuwa Xi'an can cikin ƙasa, a 1959 aka raba gari kowacce ta tsaya da ƙafarta, shi ya sa za ku ga akwai Jiao Tong ta Xi'an akwai ta Shanghai, uwa ɗaya uba ɗaya.

To ga inda zancen yake. A watan Mayun 1998 Jiang Zemin ya yi jawabi a bikin cikar jami'ar Peking shekara 100 ya ce dole Sin ta mallaki jami'o'in da za su goga kafaɗa da na gaba gaba a duniya, daga nan shirin 985 ya samo suna, wato shekarar 98 wata na 5, aka rinƙa zuba wa wasu zaɓaɓɓun jami'o'i kuɗi. Sai wani farfesa a Jiao Tong mai suna Liu Niancai da abokan aikinsa suka ce to ai sai mun san nisan da aka ba mu kafin mu san irin gudun da za mu yi, suka zauna suka auna jami'o'in duniya, a 2003 suka fitar da 500 na farko. Harvard ce ta zo ta ɗaya, kuma tun daga ranar ba a ture ta ba. Abin da ya burge ni, ba su yi son kai ba, a wancan jerin babu jami'ar babban yankin Sin ko ɗaya cikin 100 na farko, ita kanta Jiao Tong tana can baya nesa. Sai a 2016 Tsinghua da Peking suka leƙo cikin 100, a 2024 kuma Jiao Tong ɗin tana cikin 50 na farko. Tun 2009 wani kamfani mai zaman kansa, ShanghaiRanking, ke fitar da shi duk watan Agusta.

Wannan abun nake nema wa suna. Ga abubuwan da aka kawo min tun jiya da na fara tambaya, da abin da na gani game da kowanne.

Mafi yawa cewa suka yi "daraja", kuma ni ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan, a nan zan daɗe. Ku dubi mudun da mutanen Shanghai ke awo da shi: kashi 10 tsofaffin ɗaliban da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta lissafi, kashi 20 malaman da suka ci irin waɗannan kyaututtuka, kashi 20 masu binciken da aka fi kafa hujja da aikinsu, kashi 20 maƙalun da suka fito a mujallun Nature da Science, kashi 20 yawan maƙalu a manyan rumbunan mujallun kimiyya, kashi 10 na ƙarshe kuma a raba duk wannan da yawan malamai. Ina koyarwa a ciki? Ina malamin da ke tsayawa bayan lakca ya sake yi wa ɗalibi bayani? Ina wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan nahawu ko tarihi ko fiƙihu yana rubuta littattafai ba maƙala ba? Babu su, kuma su masu awon ba su ɓoye ba, binciken kimiyya suka ce suna aunawa don shi ne ake iya ƙirgawa. Daraja a Hausa kalma ce mai nauyi, ita muke cewa a yi abu don darajar iyaye, don darajar Manzon Allah, ba za mu ɗauke ta mu miƙa wa lissafin maƙala ba. In muka ce "jerin darajar jami'o'i" mun gaya wa Baba cewa wadda ba ta cikin jerin ba ta da daraja, kuma ƙarya muka yi masa.

Ko a ita Jiao Tong ɗin ma. Likita Wang Zhenyi a 1986 ya gwada wani magani da ya samo asali daga bitamin A kan wani nau'in kansar jini mai kisa da sauri, ya yi aiki, yau cutar ta zama wadda ake warkewa daga gare ta sosai. A makarantar likitanci ta biyu ta Shanghai yake, wadda sai a 2005 aka haɗe ta da Jiao Tong. Darajar wannan aiki ta riga rankin zuwa duniya da shekara 17. Ita kuma haɗewar, a ganina ta taimaka wajen ɗaga lambar jami'ar, tunda likitoci akwai yawan wallafa, ka ga lamba na iya motsi saboda an haɗa gida biyu kawai. Faransa ma haka ta yi, ta tattara makarantu da cibiyoyin bincike ta yi Paris-Saclay, a 2020 sai ga ta ta 14.

Wani ƙanena ɗan ƙwallo ya ce a ce "teburi" kamar teburin Firimiya. Ƙanena na gane ka, kuma kowa zai fahimta nan take, amma a teburin Firimiya an buga wasa an ci an sha kashi a gaban idon kowa, doka ɗaya alƙalanci ɗaya. Nan kuwa ba wanda ya kara da wani, kuma masu awon da yawa, Shanghai da nasu mudun, QS da nasu, Times Higher Education da nasu, su biyun nan har jin ra'ayin malamai suke yi su sa a lissafi, shi ya sa jami'a ɗaya za ta fito da lamba uku daban daban a shekara ɗaya.

"Jadawali" na ji 'yan jarida na amfani da ita, sai dai ni da na ji jadawali lokaci ke zuwa min a rai, jadawalin jarrabawa, jadawalin sallah. "Jerin gwano" kuma ta riga ta tafi wurin masu zanga-zanga da maulidi. "Tsani" na so ta da farko saboda hawa da sauka, amma "tsanin jami'o'i" sai an yi dogon bayani.

Wata yayarmu daga Damagaram ta ce su can da Faransanci ake faɗa, classement, amma in za ta yi Hausa "sahu" za ta ce. Yaya Allah ya saka da alheri, kin buɗe min ido, don sahu ta dace da wani ɓangare na abun daidai wa daida. A jerin Shanghai 100 na farko ne kawai ake ba lamba ɗaya bayan ɗaya, daga nan sai a zuba su rukuni rukuni, 101 zuwa 150, 151 zuwa 200, 201 zuwa 300, haka har 1000, duk wanda ke cikin rukuni kafaɗa da kafaɗa yake da ɗan uwansa ba a ce wane ya fi wane ba, to wannan ai shi ne sahu kamar na masallaci. Har shirin da gwamnatin Sin ta fitar da sunayen jami'o'insa a 2017, wanda ya gaji 985, in za a faɗe shi da Hausa jami'o'in sahun farko da fannonin sahun farko ne, ya zauna daram. Amma ga jerin gaba ɗaya sahu ba ta ɗauka ba, tunda ta ɗaya da ta biyu ba a sahu ɗaya suke ba.

Saura biyu, "jerin fifiko" da "jerin matsayi". Da na karkata ga fifiko, sai wani malaminmu da ya daɗe yana koyar da Hausa ya ja hankalina ya ce a bakin ma'aikata da 'yan jarida fifiko ta riga ta zama abin da za a fara yi kafin wani, kamar a ce gwamnati ta ba ilimi fifiko, don haka jerin fifikon jami'o'i za a iya ɗauka waɗanda za a fara ba kuɗi ne. Malam na karɓa hannu bibbiyu, Allah ya ƙara sani. Ya kuma ƙara da cewa matsayi daga tsayuwa take, inda abu ya tsaya, ba ta yabo ba ta zagi, yau kana nan gobe ka matsa. Su kansu Sinawa kalmarsu paiming ce, pai jerawa, ming suna, jera sunaye kawai suka ce, ba su sa daraja a ciki ba.

Don haka ni dai ga inda na tsaya sai in an kawo wadda ta fi: jerin gaba ɗaya "jerin matsayi", lambar jami'a ɗaya "matsayinta", rukunin nan na 101 zuwa 150 da ire-irensa "sahu", abubuwan da ake dubawa kuma "ma'auni". Sharaɗi ɗaya nake roƙo, duk wanda zai rubuta ya rinƙa faɗin na waye, jerin matsayi na Shanghai, jerin matsayi na QS, kamar yadda in ka sayi hatsi kake tambaya da tiyar wace kasuwa aka auna.

Da safen nan na koma na gwada wa Baba. Na ce a jerin matsayi na Shanghai, wanda binciken kimiyya yake aunawa, tana cikin 50 na farko a 2024. Ya ce wane irin bincike? Na ba shi labarin PandaX, aikin da masanan jami'ar ke jagoranta a Jinping cikin lardin Sichuan, ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutse mai kaurin kusan mita 2400, inda suke fakon wani ɓoyayyen abu da ba ya fitar da haske wanda masana ke cewa ya fi duk abin da ido ke gani a sararin samaniya yawa. Ya jinjina kai ya ce to wannan ya gane, yanzu saura a binciko masa ko akwai masallaci da abincin halal kusa da inda za ta zauna.

'Yan uwa na Sakkwato da Maradi da Kumasi har yanzu ban ji daga gare ku ba, in akwai wata kalma a karinku da ta fi "jerin matsayi" dan Allah ku ajiye ta a ƙasa kafin Juma'a, ranar nake son kammala rubutun da zan tura wa sauran dangi.