Wata takwas ya rage min, wane jadawali zan bi?

Nura Gwarimpa: Assalamu alaikum jama'a. Na biya kuɗin Ironman, tseren nan na ninƙaya, keke da gudu a jere, na Afirka ta Kudu, na Port Elizabeth (yanzu Gqeberha), kuma shi ne cikakke na farko da zan shiga. Wata takwas ya rage. Jadawalin horo uku ne a hannuna, na rasa wanda zan kama. Akwai na kyauta na mako 16 da na sauke a intanet, akwai na mako 24 da ake sayarwa a manhajar horo ta TrainingPeaks, sai na mako 30 na littafin Don Fink da Yaya Bashir ya ara min. Ko kuwa in haƙura in ɗauki koci? Gudu ba ni da matsala, na gama gudun famfalaƙi na Legas. Keke kun san ni. Ruwa ne dai sai a hankali. Aiki da iyali ba za su bar min fiye da awa tara zuwa goma a mako ba.

Bashir Kawo: Wa alaikumus salam. Na mako 30 ɗin. Matakai uku ne a ciki, ka ɗauki na ƙasa, wanda aka rubuta don mai son ya gama kawai. Kada ka leƙa na masu neman lamba.

Ɗan Zazzau: Ka biya kuɗi tun ba ka iya ruwa ba? Lallai Bakano da kasada.

Nura Gwarimpa: Bazazzagi, kai da ko kududdufi ba ka taɓa shiga ba.

Dakta Maryam: Malam Nura, "sai a hankali" ɗin nan nawa ne? Mita nawa kake yi ba tsayawa, kuma a minti nawa?

Nura Gwarimpa: Dakta, ina yin mita 800 ba tsayawa, wajen minti 24. Daga nan numfashi ke ƙwace min.

Dakta Maryam: To minti 3 ke nan a kowace mita 100. Kilomita 3.8 za ka yi, kuma awa 2 da minti 20 suke bayarwa, wato minti 3 da daƙiƙa 40 a mita 100. Saurin naka ya isa a takarda, tsawon ne bai kai ba. A wurin ninƙaya mai mita 25 tsallakawa 152 ke nan, kuma can babu bangon da za ka dafa. Duk jadawalin da ka lissafo an rubuta su ne don wanda ya riga ya iya ruwa. Na mako 16 ɗin ma ka goge shi daga wayarka.

Alhaji Kabiru Nassarawa: Ƙanina Nura, ka zauna ka karanta wannan da kyau, don ni na ɗanɗana. Shekarar da na shirya wa nawa na farko, wani koci na ɗauka ta intanet, Bature, da dala nake biyansa duk wata. Da farko lafiya lau, lokacin hunturu ne. Jadawalinsa da sauri yake aiki: ka yi kaza a minti kaza kowace kilomita. Da bazara ta shigo Kano, zafi ya haura 40, saurin da nake yi ina hira a watan Disamba sai ya koma ina yinsa agogo yana nuna min bugun zuciya ya haura abin da ya saba nesa ba kusa ba, ko da kuwa bayan Asuba na fita. Na rubuta masa. Amsar da ya ba ni ita ce in ƙara shan ruwa, in riƙe saurin. Mutumin da yake zaune inda ake sa rigar sanyi a watan Afrilu.

Sai azumi ya zo. Na gaya masa tun da wuri cewa wata guda ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Ya ce ya gane. Ranar Lahadi na buɗe manhaja, sai ga keke awa biyar ranar Asabar, gudu minti 45 a bayansa, dogon gudu kashegari. Ko waƙafi bai sauya ba. Daga baya na gano irin wannan makon yake tura wa duk mutanensa, suna kawai yake canzawa. Ni kuma na ce mai ilimi ne, na matse komai cikin dare: bayan asham in hau keken da na ɗaura a falo har ƙarfe ɗaya, in yi gudu kafin sahur, in tafi kasuwa da safe ido jawur. Barci ya ƙare, ƙafa ba ta huta ba.

Wajen goman ƙarshe ƙwaurina na hagu ya fara. Ba ciwon da ke yawo ba ne, wuri ɗaya ne tak, in ka ɗora yatsa a kai sai ka zabura. Na faɗa masa, ya ce in sa ƙanƙara in canza takalmi. Bayan Sallah ko matakalar bene ba na iya sauka sai na dafa ƙarfe. Hoto ya nuna ƙashi ya tsage. Kuɗin rajista, tikitin jirgi, masauki, duk suka bi ruwa, ni kuma ina zaune da takalmin roba har gwiwa ina kallon tseren a waya.

Shi ya sa nake gaya maka, kafin ka duba sunan wanda ya rubuta jadawali, ɗauko kalanda. Tserenka wajen ƙarshen Maris ne ko Afrilu, azumi kuma zai faɗo tsakanin Fabrairu da Maris. Wato makonnin da duk jadawalin nan uku suka tara mafi nauyin aiki, su ne daidai makonnin da za ka yi da baki a rufe. Ko wanne ka ɗauka sai an yi masa tiyata. Kuma ka ɗauki mai aiki da lokaci da bugun zuciya, ba mai ɗaure ka da saurin kilomita ba. Na Bashir ɗin haka yake, da mintoci yake lissafi.

Bashir Kawo: Allah Ya kiyaye na gaba, Alhaji.

Sadiya Jos: Amin. Wallahi na tuna lokacin.

Injiniya Auwal: Amma Alhaji ba duka kociyoyi ne haka ba. Nawa duk Lahadi muna waya, shi ya fara tambayata yaushe za a ga wata.

Alhaji Kabiru Nassarawa: Ban ce duka ba, Injiniya. In Nura zai ɗauka, tambaya ɗaya zai yi masa kafin ya tura ko sisi: ya tsara masa makon azumi guda ɗaya ya gani. Nan zai gane.

Injiniya Auwal: Wannan gaskiya ne.

Sadiya Jos: Ni shawarata daban. Kuɗin kocin nan gaba ɗaya ka kai wa mai koyar da ninƙaya, wanda zai tsaya a bakin ruwa yana kallon hannunka da yadda kake juya kai. Sau uku a mako, ko da minti 40 ne. Mai numfashi na ƙwacewa a mita 800 alhali ya gama kilomita 42 a ƙasa, ba ƙarfi ya rasa ba. Yawanci riƙe numfashi yake yi a cikin ruwa maimakon ya fitar da shi, kuma ƙafafunsa suna nutsewa. Wannan ba a gyara shi ta waya.

Ɗan Zazzau: Ku tura shi Argungu wata ɗaya wurin Kabawa, ya dawo yana kama giwan ruwa da hannu.

Sarkin Ruwa: Mun karɓe shi, amma da gora zai fara.

Injiniya Auwal: Maganar ruwa, ya kamata ya saba da buɗaɗɗen ruwa. Tafkin Jabi na Abuja ba ga shi nan kusa da shi ba? Ko wani dam.

Dakta Maryam: Injiniya don Allah a'a. Tsargiya ba wasa ba ce. A ruwan daɗi mai dodon koɗi take, ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Ni ba zan tura kowa dam ko tafki ba. Ruwan teku ba ya ɗauke da ita. In ya samu hali ya je Legas wurin masu ninƙayar teku, da jama'a da kwale-kwale a gefe, ba shi kaɗai ba.

Injiniya Auwal: Mu da muka tashi muna wanka a rafi fa?

Dakta Maryam: Ka tuna yara nawa ne a ajinku suke fitsarin jini ana cewa balaga ce.

Bashir Kawo: Dakta ta gama magana.

Musa Landan: Na shigo a makare. Na yi Port Elizabeth, don haka ga abin da na gani. Iska ce sarauniyar garin, ba a banza suke masa kirari da birnin iska ba. Kilomita 180 a can ba irin ta hanyar filin jirgi ba ce. A yawancin tseren nan dole ka gama ruwa da keke cikin awa 10 da rabi, gaba ɗaya kuma awa 17. In ruwa ya ci maka awa biyu, abin da ya rage maka bai fi takwas da 'yan mintoci ba, kuma ba a yarda ka laɓe a bayan wani ba, tazarar mita 12 ce. Ku da kuka saba tafiya a jere ranar Asabar, ku sani wannan daɗin babu shi. Saboda haka rabin awoyinka na mako a kan sirdi za su tafi, kuma dogon keken ka riƙa yin wasu kai kaɗai. Teku ma tana iya tashi, a 2019 sai da suka rage tsawon ninƙayar. Ka sayi rigar roba ta ninƙaya da wuri ka gwada ta, tana matse ƙirji, mutane da yawa ranar farko suke firgita a cikinta.

Nura Gwarimpa: Na gode Yaya Musa. To awa goman za ta isa kuwa?

Musa Landan: Don ka gama, za ta isa, in ka samo ƙarin awa biyu ko uku a makonni huɗu zuwa shida mafi nauyi. Ka nemi izinin uwargida tun yanzu.

Sadiya Jos: Ba izini kaɗai ba, ka zauna da ita ku duba jadawalin tare. Asabar ɗinta ce za ka cinye.

Alhaji Kabiru Nassarawa: Kuma makonnin nan masu nauyi ka jawo su baya, su ƙare kafin a ga wata. Janairu sanyi ne, ga shi nan an ba ka kyauta, sai dai ƙurar hunturu. Cikin azumi riƙo kawai za ka yi: ɗan gudu mara nauyi kafin shan ruwa, keken ɗaki awa ɗaya ko ɗaya da rabi bayan asham, ninƙaya da dare in ka samu wurin da ke buɗewa. Goman ƙarshe ka rage sosai. Bayan Sallah dogon keke ɗaya ko biyu, sai ka fara sassautawa. Kada ka ce za ka rama abin da ya wuce.

Bashir Kawo: Ni ma da zan ce ya fara da rabi. Akwai 70.3 a Mossel Bay a watan Nuwamba, ruwa kilomita 1.9, keke 90, gudu 21. Ƙasa ɗaya, teku ɗaya, ya ɗanɗana.

Injiniya Auwal: Tikiti biyu, biza, kuɗin ɗaukar keke a jirgi sau biyu? Da canjin dalar nan? Bashir kai za ka biya?

Bashir Kawo: Wanda ya sayi keken kabon na miliyoyi ne yake mana wa'azin tattali.

Injiniya Auwal: Na hannu na saya, kuma ka sani.

Ɗan Zazzau: Na hannu mai giya da batir.

Injiniya Auwal: Wanda ranar Asabar ya tsayar da mu muna neman mai faci saboda bai ɗauko tib ba, bai kamata ya yi maganar keke a nan ba.

Malam Habu: Ni tambayata, wanda zai yi awa 15 a hanya yaya yake yi da salla?

Musa Landan: Ni a matsayin matafiyi na haɗa Azahar da La'asar bayan na sauka daga keke, a gefen tantin canza kaya. Minti kaɗan ne, agogo yana tafiya amma ba komai. Magariba da Isha bayan na gama. Sai da na tambayi malaminmu kafin in tafi, kowa ya tambayi nasa.

Malam Habu: Madalla.

Dakta Maryam: Abu biyu Malam Nura, kafin su tafi da kai hirar keke. Na ɗaya, ka je a duba hawan jini da zuciya kafin ka ƙara nauyi, musamman in ka haura 35 ko akwai ciwon zuciya a gidanku. Na biyu, ci ma horo ne. Ana son giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari a kowace awa a kan keke, kuma ciki sai ya koya. Ƙaramin dabino ɗaya bai wuce giram biyar ko shida ba, ka ga guda uku a aljihu ba za su kai ka ko'ina ba. Ka haɗa da ayaba da abin sha mai sukari da gishiri. Duk abin da za ka ci ranar tsere ka riga ka gwada shi a dogon keke sau da yawa.

Sarkin Ruwa: Fura fa?

Dakta Maryam: Bayan ka sauka. Nono a cikin gora awa huɗu a rana, ba na ba da shawara.

Sadiya Jos: In kuna neman sanyi da hawa, ku zo Jos a Disamba ku yi kwana uku. Tudun ya kai mita 1,200, ga iska a hanyar Bukuru. Zan nema muku masauki.

Injiniya Auwal: Ina ciki.

Ɗan Zazzau: In Injiniya zai cika batirinsa, ni ma ina ciki.

Nura Gwarimpa: To jama'a, na 24 ko na 30?

Bashir Kawo: Sadiya, wane mako a Disamba? In ya zo da hutun makaranta sai mu taho da yara.

Sadiya Jos: Bari in tambayi masu masaukin gobe. Mutum nawa zan ce?