Dan Allah a ba ni shawara, makero ya ƙi barin kan yarona

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wlh na rasa yadda zan yi ne. Yarona shekararsa 6, da hutun babbar sallah babansa ya dage sai an kai shi ƙauye wajen Hajiyarsu, ni dama raina bai so ba dan yaran gidan sun fi goma kuma tabarma ɗaya suke kwana, amma kun san in kika yi magana sai a ce ba kya son dangin miji, shi ne na ja bakina na yi shiru. Sati uku ya yi ya dawo min da wani zagaye a ƙeya kamar kwabo, gashin wurin duk ya kakkarye, ga fari-fari kamar an barbaɗa toka. Na sayo kirim a kemis ina shafa mai, sai ya lafa ya dawo. Yanzu wuri uku ne, ɗaya ya kumbura har yana ruwa, ƙanwarsa ma ta fara susa.

Maman biyu: Ki daka tafarnuwa ki goga mai safe da yamma, ko ki samo man birki wajen bakanike. Da shi aka yi mana muna yara.

Anti nas: Subhanallah, kar ki kuskura ki sa mai man birki, ƙona fatar zai yi, ɗanyar tafarnuwa ma tana ƙuna. Ƙanwata wane kirim ne, kuma tun yaushe? Makero fangas ne, dangin fumfunar da ke fitowa a burodi, abincinsa sinadarin da ke cikin gashi da farce da saman fata. In a jiki ne kirim na kashe shi, amma na kai yana shigewa cikin silin gashi har tushe, shafawa ba ta isa can. Sai an sha magani, griseofulvin sati 6 zuwa 8, likita ke aunawa da nauyin yaro, kuma da madara ko abinci mai maiƙo ake sha dan ya shiga jiki sosai. Wannan kumburin shi ya fi tada min hankali, in aka yi sake yana barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Gobe ki kai su asibiti su biyun.

Mai tambaya: Anti sunan ya goge a jikin tub ɗin, irin mai magani uku a haɗe ɗin nan ne. Kuma gaskiya yana aiki, in na shafa ƙaiƙayin dainawa yake. Na haɗa mai da amoxicillin ma saboda ruwan.

Anti nas: To ai nan matsalar take. Yawancin masu uku a haɗen nan akwai sitiroyid a ciki, shi yake kwantar da ƙaiƙayi da ja, fangas ɗin kuma ya samu sarari ya bazu. Amoxicillin bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da fangas.

'Yar Zariya: Ni fa kar ki ɗora wa ƙauye, nawa a shagon aski ya kwaso a cikin gari, kilifa ɗaya a aske yara ashirin ba gogewa. Da na yi wa mai askin magana har cewa ya yi na raina mai sana'a, tun ranar na saya wa babansu kilifa.

Uwar gida: Hmm ke dai bari. Ni tawa surukar cewa ta yi ƙazantata ce ta jawo, a gaban facaloli, har yau abin na ci min rai.

Anti nas: Ba sai ƙazanta ba, yaro mai wanka sau uku ma yana ɗauka. Mataji, hula, matashi, tawul, har kyanwa duk suna yaɗawa. Ki raba musu kaya, ki wanke da ruwan zafi, ki samo shamfu mai ketoconazole yana rage yaɗuwa, amma ba ya maye gurbin na sha.

Mai tambaya: Ngd Anti, amma sati 8 yaro na shan magani anya bai yi yawa ba? Kuma babansu ya ce in jira ya dawo ran Juma'a, ni ba zan fita asibiti ba izini ba. Zan ci gaba da shafawar dai kafin nan, ba zan iya kallonsa yana susa har jini ba.

Anti nas: Ki kira shi ki tura mai hoton kan, Juma'a ta yi nisa.

Maman biyu: Mu dai tafarnuwa ta yi mana.

Amaryar bana: Anti dan Allah ni kuma kyasbi ne ya cika min baya, shi ma sai na sha maganin?