"Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba": har da ciwo ake nufi?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi sa-in-sa da gwaggona a kan ƙanwata amarya. Tun daren Talata take kukan ciki, na ce a kai ta asibiti. Gwaggo ta ce yarinya ta cika raki, daga zuwa gidan miji za ta tara wa mutane jama'a, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Ni dai a sanina kan riƙe sirri maganar take. Har ciwo ma haɗiye shi ake yi?

Malam Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Gwaggo tana da hujja, domin haƙuri ma a ciki ake ajiye shi. Mutum ya ci ɗanwake da daddare, ciki ya kumbura yana ƙugi, ga gyatsa, ciwon yana yawo nan da can, ya zaga bayan gida ya ji sauƙi. Wannan ai ba na tashin maƙwabta ba ne.

Ɗan Fagge: Wasu kam nasu don tuwo kaɗai aka yi shi, tuwon ma na kuɗin asibitin mazaɓarmu. Allon aiki ya shekara a kafe, ko bulo ɗaya ba mu gani ba.

'Yar Damagaram: Malam, bari in ba ka labarin kakata da muke kira Inna, Allah ya jiƙanta. Kullum wannan karin maganar tana bakinta, kuma zurfin cikinta har kishiyoyi sun shaida. Amma jika ya zo da kukan ciki, ba ta fara taɓa jiƙo. Sai ta ce tashi ka yi tsalle, yi tari in ji. In ka yi tsallen kana leƙen ƙwaryar fura, ta jiƙa maka kanwa ta kore ka. Wata damina yayana ya yi sati biyu yana zazzaɓi, ana ta ba shi sassaƙe. Ran nan da magariba ya kwanta ya naɗe ƙafafu, ko juyi ba ya so. Inna ta dafa cikin ta ji ya ƙame kamar allo. Babanmu ya ce a bari gari ya waye. Ba ta tanka masa ba, ta ja mayafi ta je da kanta ta taso mai amalanke, cikin ruwa aka fitar da shi bakin titi. A asibitin birni aka ce taifot ce ta huda hanji, a daren aka yi masa tiyata. Yau 'ya'yansa sun girma, tabon yana nan daga cibiya zuwa mara. Wata guda Inna ba ta amsa gaisuwar Babanmu ba.

Anti Nas: Allah ya kai rahama kabarin Inna, gwajin tari da tsalle mu ma muna yi. Maman Ummi, tambaye ta yanzu. Ciwon ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta dama ya tsaya, yana ƙaruwa in Keke Napep ya faɗa rami, ga amai da zazzaɓi? Afendis ke yin haka. Tunda amarya ce, ta ga al'adarta? Ɓatan wata da ciwon mara gefe ɗaya da jiri, muna tsoron cikin da ya zauna wajen mahaifa, in ya fashe jini a ciki yake zuba. Haka kumburin da ba kashi ba tusa, ko aman jini, ko baƙin kashi. Duk waɗannan ba sa jiran safiya. Kuma don Allah kar a sayo mata diclofenac a kemis, yana tsananta olsa. Kanwar ma a ajiye.

Ɗan Fagge: An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Shi ya sa nasu sai an je Landan ko Jamus ake hudawa.

Baba Mai Goro: Kai yaro, ana maganar rai. Ni yadda na ji daga manya, ja wa mai surutu kunne ake yi da ita, wanda ya ji abu a zaure ya kai kasuwa. Ga mara lafiya kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam Na Bakin Kasuwa: Baba, wannan ta ranar biki ce da ranar shari'a. Kuma in kowace murɗawa za a tafi asibiti, kuɗin kati da na hoto wa zai biya? Yanzu ma da kyar ake haɗa na cefane.

Maman Ummi: Anti, ta ce watanta ya wuce, kuma in ta miƙe sai jiri. Mijin ya nemo mota, gwaggo ma ta ce da ita za a je.

Anti Nas: Kar a ba ta abinci a hanya, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye.

Baba Mai Goro: Allah ya ba ta lafiya. 'Yar Damagaram, kanwar da Inna ke jiƙawa, ja ce ko ungurnu? A gidanmu an daɗe ana wannan gardamar.